Ranar da Don Ja-Baya Ya Yi wa Gida Aski

Duk wanda ya taɓa gina ko da akurkin kaji ne a Santa Elvira a wancan zamani ya san Don Fermín Tejada, kuma da wuya a ce ya so shi a ranar farko. Shi ne mai zanen gine-gine na hukumar gari, tun farkon ƙarnin da ya wuce har kansa ya yi fari fat. Ba a ɗora tubali a kan tubali sai ya zo ya gani. Zai iso da safe a kan alfadarinsa, da baƙar malafa da sanda mai kan tagulla, ya leƙa ramin harsashi, ya dubi hanya, sannan ya ce da mai gida cikin ladabi, kamar mai ba da haƙuri, "Ja baya." Shi ke nan, ba zagi ba ɗaga murya. Tun ana jin haushi har abin ya zama suna. Manya da yara kowa Don Ja-Baya, wato Malam Ja-Baya, matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

Masu abin faɗa sukan ce girman kai ne irin na wanda ya yi karatu a Lima. Ƙarya suke yi. Mu da muka san gidansu mun san inda abin ya samo asali.

Uwarsa, Eduviges, gishiri take sayarwa a Lungun Gishiri, lungun nan da ya taso daga bakin kogi ya haura har dandali. A lokacin, in alfadarai biyu masu kaya suka haɗu a ciki, to sai ɗaya ya koma da baya, don tsabar matsi. Ranar da ƙasa ta yi girgiza, da hantsi ne, Fermín bai wuce shekara goma ba. Mutane suka yi abin da muka saba yi tun kaka da kakanni, kowa ya zubar da abin hannunsa ya nufi dandali, inda babu bangon da zai faɗo masa. Eduviges na goye da ƙanwarsa, ta tura shi gaba ta ce ya ruga tana bayansa. Shi da yake ɗan siriri ne, ya bi ta tsakanin ƙafafun manya ya sulale. Yana fitowa dandali ya waiga, bangaye biyu na bakin lungun suka rufto, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, suka haɗe. Har ya tsufa ba ƙarar rushewar ce ke dawo masa ba, muryoyin da ke bayan tarin ƙasar ne, ana ta cewa ba hanya, ba hanya. Sai da yamma aka tono uwar da goyonta.

Maƙwabciyarsu Mama Visitación ce ta ɗauke shi. Gidanta ne a daidai bakin lungun, yana kallon dandali, bayansa kuma jingine da gidan Eduviges, wanda ya rushe ya zama kango, ba abin da ya saura a tsaye sai bishiyar ɓaure. Ɗaya daga cikin bangayen nan biyu da suka rufto nata ne. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa. Ta sake tayar da bangonta a inda yake, kamar yadda kowa ya yi, ta haɗa marayan da ɗanta Anselmo, kwanonsu ɗaya bargonsu ɗaya. Daga baya Fadan cocinmu ya lura yaron ba ya barin gawayi ya huta, duk bangon coci ya cika shi da zanen gidaje. Maimakon ya zane shi, sai ya nema masa hanyar karatu a Lima.

Ya dawo da gashin baki da kwat, hukumar gari ta ɗauke shi aiki, ya kuwa yi aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Kasuwarmu mai rufin ƙarfe shi ya zana ta. Shi ya jawo ruwa daga dutse zuwa famfon dandali, shi ya kori mahauta zuwa gangaren kogi, suka shekara ba sa gaishe shi. Amma duk wannan a wurinsa aikin albashi ne. Abin da ya sa a ransa guda ɗaya ne, Lungun Gishiri.

Rushe gidajen mutane ba shi da ikon yi, masu gidajen kuma ba kanwar lasa ba ne. Sai ya yi ta naci a majalisa har aka gaji aka yi masa doka: tsohon gida ya zauna yadda yake, amma duk wanda zai sake gini a lungun sai ya ja baya. Yadda yake awon kuwa shi ne abin kallo. Zai sa a kawo tsani mai tsawon bangon da za a gina, a kwantar da shi a ƙasa ya nufi tsakiyar hanya, ya ce da mai gida, in bangonka ya suma, ga inda kansa zai faɗi. A yi haka ta wancan gefen ma. Tsakanin kawunan tsanin biyu sai an bar wurin da mace mai goyo za ta wuce a guje ba ta taɓa komai ba. In aka ce masa wannan ɓarnar fili ce, ba ya musu, sai ya buga turkensa ya ɗaura igiya ya hau alfadarinsa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gidan ƙasa ba ya dawwama, yau wannan ya tsage gobe wancan ya sha ruwa, kowa ya zo sake gini sai ya ja baya yana ƙunƙuni. Da fari lungun ya zama abin dariya, wani gida a gaba wani a baya kamar haƙoran tsohuwa. A hankali ya miƙe ya zama titi, har keken doki na shiga. Ya rage gida ɗaya tal, na bakin dandali, gidan da aka raine shi.

Anselmo Berríos a lokacin ya zama Don Anselmo, babban dillalin gashin alfaka, dabbar nan ta duwatsunmu mai gashi kamar tunkiya, ƙato mai tumbi da dariya, irin mutumin da zai cuce ka ka tafi kana yi masa godiya. Duk Lahadi sukan yi karta shi da Fermín. Fermín ya ce, saura naka fa, ɗan'uwa. Anselmo ya ce ai ƙasa ta riga ta yi rawarta ta gaji, kuma kantin da ke kallon dandali ba a rage masa ko taƙi. Su yi dariya, a raba karta.

Shi kuwa mai zana wa mutane gidaje, haya yake yi a saman kantin magani, shi da matarsa Doña Griselda. Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suke da shi a duniya kangon nan ne na uwarsa. Kowace shekara sai ya ce mata baɗi za a fara gini, ta ce ta ji. Ta riga ta zaɓi inda tagar ɗakin girkinta za ta kasance, tana kallon ɓauren, kuma in ɓauren ya nuna ita ke zuwa da kwando ta tsinko.

Sai aka tura Fermín bakin teku ya karɓo ƙarafan sabuwar gada. Jirgin ruwan ya yi jinkiri, tafiyar makonni ta koma ta watanni. Yana ba da baya Anselmo ya tara magina, ya rushe tsohon gidan, ya tayar da bene mai baranda a daidai kan tsohon layi, ko ɗan yatsa bai matsa ba. Mataimakin da Fermín ya bari a ofis an kai masa ɗan rago, ya kamu da ciwon ido.

Ranar da Fermín ya sauka daga jirgin ƙasa ya tarar da 'yan badujala a tasha suna jiransa. Ya ɗauka murnar gada ce, har ya ɗaga malafa. Aka sa shi a tsakiya da kiɗa, aka bi da shi ta titinsa mai faɗi, yana tafe yana jin daɗi, har suka iso inda titin ya shaƙe. Ya ɗaga kai ya ga bene. Ya tsaya cak. Ranar kuwa ranar rufi ce, an cika tuluna da giyar masara, ana gasa alade, rabin gari na wurin.

A wurinmu gida ba ya kammala sai an yi masa uban goyo, kamar yadda ake wa jariri. Shi zai hau ya kafa gicciyen ƙarfe a ƙololuwar rufi da 'yan bijimai biyu na yumɓu, daga ranar gidan ya zama ɗansa, shi da mai gida kuma sun zama kompadre, wato 'yan'uwan alkawari, har kabari. Kompadre ba ya kai kompadre ƙara, uban goyo kuma ba ya ɗaga hannu a kan ɗan goyonsa. Wanda aka miƙa wa gicciye ya ƙi karɓa, to ya yi wa masu kwana a gidan fatan tsawa ke nan. Anselmo ya san duk wannan, shi ya sa bai miƙo gicciyen da kansa ba. Mama Visitación aka fito da ita, ta tsufa tukuf, idonta ya kusa tafiya. Ta lalubo hannun Fermín ta ɗora masa ƙarfen.

"Ɗana, hau ka sa mana albarka," in ji ta.

Wallahi ko dutse ne a ƙirjin mutum ba zai iya ce wa wannan tsohuwa a'a ba. Ya karɓa, ya hau tsani. Da ya kai sama ya daɗe bai sauko ba. Daga can yana ganin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, titi ya taso daga kogi a buɗe, ya zo daidai ƙarƙashin ƙafarsa ya tsuke kamar wuyan kwalba, a daidai wurin da aka tono uwarsa. Ya juya baya don kada a ga fuskarsa, idonsa ya sauka a kan kangon da ɓauren. Ya kafa gicciyen ya sauko. Anselmo ya rungume shi yana ta kiran kompadre, kompadre, da ƙarfi don kowa ya ji.

Kai, an yi dariya a garin nan. Aka ce an yi wa Ja-Baya dabaibayi da igiyarsa. Marasa kunya suka ce ai a taya shi murna, ya samu ɗa a ƙarshe, har mai hawa biyu, maganar ta kai kunnen Griselda ta yi kuka. Magajin gari ya kira Fermín ya ce doka na bayansa, amma ya nuna masa leburan da zai ɗaga diga a kan gidan da shi da kansa ya kafa wa gicciye, ko alƙalin da zai saurari ƙarar kompadre. Abin da ya fi muni, waɗanda suka ja baya a da suka fara ƙananan maganganu. In na Anselmo ya zauna, su ma za su dawo gaba, ai ba su fi shi son mata masu goyo ba. Wani har ya tara duwatsun gini a ƙofar gidansa yana jira ya ga yadda za ta kaya.

Fermín bai kai ƙarar kowa ba. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne yadda ya rungumi zama uban goyo da gaske. Duk ranar biki sai ya zo ya shafa bangon gidan ya tambayi lafiyarsa. Ya kawo masa farar ƙasa kyauta. Ya tambayi Anselmo ko yaron na barci da kyau, ko damina ta sa masa mura. Anselmo ya riƙe ciki yana dariya, yana amsawa da cewa yaro lafiya lau, yana gaida ubansa. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa wa Don Ja-Baya kai. Wasu suka ce ya dai saduda. Haka aka yi damina biyu.

Wata ranar da ɓaure ya nuna ya raka Griselda kango, abin da bai saba yi ba. Tana tsinka yana riƙe da kwando, ya faɗa mata abin da ke ransa tun ranar da ya hau rufin nan. Ta saurara har ya gama. Sannan ta karɓe kwandonta ta yi tafiyarta ta bar shi tsaye. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana, in ya yi tari ma ba ta ce sannu. Ya san bai kyauta mata ba, bai kuma yi ƙoƙarin wanke kansa ba. Ran nan yana shirin fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ja-Baya, ka ja da kowa baya a garin nan, yau ka zo kaina," ta ce. "To na ji. Amma 'ya'yan fari na ɓauren nan nawa ne duk shekara, a faɗa a gaban mutane. Kuma ni zan riƙe almakashin."

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, Anselmo ya iso ƙofar gidansa ya ja ya tsaya. Matan kasuwa sun ɗaure gaban gidan kaf da 'yan ƙyallaye ja da kore da rawaya, baranda da tagogi da ƙofar kanti, yadda ake ɗaure wa yaro gashinsa tukku-tukku ranar askin fari. Don mu ba ma taɓa gashin yaro da aska tun daga haihuwa, sai ya yi wayo gashin ya cukurkuɗe, sannan a tara jama'a. Uban goyo ne ke yanke tukkun farko ya ba da kyauta mafi girma, sauran mutane su biyo baya, kowa ya yanka ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Ba uban da ke hana wannan, sai in ya tsine wa zumuncin.

Sai ga kiɗan badujala daga gangaren titi, waɗannan dai 'yan badujalar da Anselmo ya ɗauka a wancan karon. Griselda na gaba da almakashi a kan faranti, ta sha baƙin mayafinta na zuwa coci. Fermín na gefenta. Bayansu magina ne, kowa da diga a kafaɗa, kowace diga an ɗaura mata ƙyalle. Bayan magina kuwa duk wanda ke da ƙafa a Santa Elvira.

Anselmo ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ta maza ya tambaya ko bikin wa ake yi.

"Na ɗana ne, kompadre," in ji Fermín. "Ya isa aski. Dubi yadda gashi ya rufe masa ido, har ya zubo kan hanya."

Jama'a suka kwashe da dariya. Anselmo ya yi yaƙe ya ce wasan ya yi kyau, a shigo a sha giya, amma kowa ya san gida ba shi da gashi.

"In ba shi da gashi, to ba yaro ba ne," Fermín ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. "In ba yaro ba ne, ba shi da uban goyo. Sai a ba ni tsani in sauke gicciyena, ka daina ce mini kompadre, gobe in zo maka da doka. Kai za ka zaɓa, ɗan'uwa. Ni duk wanda ka ɗauka ina nan."

Anselmo ya dubi baranda, ya dubi jama'a. Shi ya shekara biyu yana shelar yaro lafiya lau a gaban kowa, yau ba bakin cewa wasa yake. A sauke gicciye daga rufin mutum da rana tsaka kuwa, wannan abin kunya ne da jikokinsa ma sai sun gada. Sai ya koma wa abin da ya fi iyawa, ciniki. Ya ce to ya ji, amma al'ada ba ta ce a yi aski hannu rabbana ba, kuma askin da zai tafi da rabin kanti ba ɗan rago ne kyautarsa ba. Me uban goyo ya kawo wa ɗansa? Ya faɗi haka yana murmushi, don ya san Fermín ko tukunyar kirki ba shi da ita.

"Kangon uwata," in ji Fermín. "Abin da aka aske a gaba ya tsiro a baya. Har da ɓauren, sai dai 'ya'yan fari na Griselda ne."

Murmushin Anselmo ya ɗauke. Ya fi kowa sanin abin da kangon nan yake, a kan ɓauren nan suka yi wasa suna yara, kuma ya sha jin Griselda na maganar tagarta. Ya dube ta. Tana tsaye ƙyam da farantinta, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

Daga cikin zaure aka ji muryar Mama Visitación tana cewa a fito da ita. Aka kawo ta a kan kujera. Ashe duk abin da ake yi tana ji. Ta sa aka kai ta jikin bangon gaba, ta dafa shi da tafin hannu.

"Nan ne," ta ce. "Bangona ne ya danne Eduviges da goyonta a nan. Na ciyar da ɗanta, na ɗauka na biya. Na sake gina shi a wurin, na kuma bari an sake. Anselmo, riƙe wa yaron kai a yi masa aski."

Ba wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakinta. Anselmo ya cire malafarsa ya ba wani, ya je ya rungumi ginshiƙin ƙofar kanti da hannu biyu, yadda uba ke riƙe ɗansa kada ya motsa. Fermín ya ɗauki almakashi daga farantin matarsa ya yanke jan ƙyallen da ke saman ƙofa. Sannan ya karɓi diga. Saran farko ko farar ƙasa bai kankare da kyau ba, magina suka yi ta yi masa tsiya cewa a koma zane kawai. Aka buga badujala.

Daga nan kowa ya zo ya yanki ƙyallensa ya ajiye kyauta. Wani ya ce ya ba da azara, wata ta ce za ta ciyar da magina, mahautan nan da ba sa gaishe shi suka ce sun ɗauki jigilar ƙasa. Mutumin da ya tara duwatsu a ƙofar gidansa, kunya ta sa ya ce dama don wannan ya tara su, aka ce masa Allah ya saka, aka kwashe. Kafin wata damina gidan ya koma baya ya zauna daram a kan sabon layi, ɓauren ya zama na tsakar gida. Fermín ya zana shi da kansa, ya kuwa fi na farko kyau, ya sake hawa ya kafa gicciyen.

Kada a ɗauka Anselmo ya zama waliyyi. Har ya tsufa yana mita a kan kantinsa, yana cewa an yi masa fashi da kiɗa, ya kuma daina kiran Fermín da kowane suna sai wanzami. Amma kowace shekara shi da kansa yake hawa matakalar kantin magani yana haki, da kwandon ɓaure a hannu. Griselda a wannan ɗakin haya ta rasu, ba ta taɓa samun tagarta ba. Wannan ya tsaya wa Fermín a rai, ya kuma faɗa da bakinsa ranar jana'izarta cewa ya gina wa gari titi da gidan matarsa.

Ya yi ritaya, aka kawo wani saurayi daga Lima ya gaje shi. Alfadarin ya mutu, sandar ta koma ta dogarawa. Kullum da la'asar yakan zauna a benci a dandali, yana fuskantar bakin titin, yara na wucewa suna ce masa ja baya, yana ɗaga musu sanda.

A kan wannan bencin girgizar ƙasa ta same shi ranar da ta sake tunawa da mu. Da fari karnuka suka ɗauki haushi, sai ƙararrawar coci ta fara bugawa ba mai ja. Kowa a dandali ya juya yana kallon hasumiya tana layi, ban da shi. Ya miƙe da kyar ya riƙe bencin, ya kafe bakin titin da ido. Ya ji rugugin bangaye na zubewa can ciki, ƙura ta turnuƙe, ba a ganin komai. Sai mutane suka fara ɓullowa daga cikin ƙurar, fari fat kamar an tsoma su a gari, masu gishiri, masu dankali, 'yan makaranta, mata da goyonsu. Suna ta fitowa, ba su daina fitowa ba. Can sai ga Anselmo, jikokinsa biyu sun riƙo shi ta hammata, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka zaunar da shi a ƙasa kusa da bencin. Da numfashinsa ya dawo ya ɗaga kai ya ce, wanzami, ɗan naka ya zubar da barandarsa, amma bai taɓa kowa ba.

An yi asarar gidaje a ranar, an yi raunuka, a wasu unguwannin an yi makoki. A Titin Gishiri ba a tono kowa ba.

Da ƙura ta lafa Fermín ya nufi bakin titin. Saurayin da ya gaje shi ya tare shi yana cewa ƙasa na iya maimaitawa, ya ture hannunsa da sanda ya wuce. Barandar Anselmo na kwance a dama, bangon gidan da ke kallonta na kwance a hagu, kowanne ya faɗi inda tsani ya nuna. A tsakaninsu ga ƙasa a share, duk sawun ƙafafu, har da wani ɗan takalmin jariri da ya faɗi. Ya taka a hankali har daidai wurin. Ya tsaya, ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Waɗanda suka biyo shi daga nesa sun ji abin da ya ce, don bai yi ƙasa da murya ba.

"Mama, ga hanya."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya da kyar ya ɗauki ɗan takalmin, ya koma dandali yana tambayar ko na ɗan wace ce.